Kunkurun da Ya Zo Ba Lokacinsa Ba

Ranar Talata aka wayi gari babu turakun. Guda uku ne na siminti, waɗanda safiyo mai awon fili ya kafa ta gefen teku a filin da Baturen nan Henk da matarsa suka saya, kuma ko kwana huɗu ba a yi da yanka rago a kansu ba. Nana, sarkin ƙauyen Akwanzi, shi da kansa ya tsiyaya giya a gindin kowanne, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya ya shaida musu cewa ƙasa ta sauya hannu. Yanzu sai ramuka uku, kamar an fige wa tsoho haƙora.

Talata kuwa ba a shiga teku, saboda haka duk mai ƙafa ya zo kallo. Kafin wani ya tuna a aika wa Egya Mieza, dattijon nan mai bin sawu, mutum ya fi ɗari sun tattake wurin, har da awaki.

Ya iso yana jan gwiwarsa mai ciwo, ya dubi yashin, ya dubi jama'a.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Ku ƙara zagayawa mana, ko akwai inda kuka manta ba ku taka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Dama ba a dariya da Mieza a Akwanzi. Da can shi ne gwanin haƙar ƙwan kunkurun teku a duk gaɓar nan, mutumin da zai dubi yashi ya gaya maka abin da ya wuce da lokacin da ya wuce. Da Turawan sa-kai suka fara zuwa suka ɗauke shi aikin gadin sheƙar kunkuru, sai ya zama shi ke gane sawun masu haƙa ya kai ƙara. Daga nan aka laƙaba masa karen Turawa. Matarsa ta rasu, bai haihu ba, gidansa na can ƙarshen gari inda hanya ke ƙarewa. Mutum ɗaya tak ke shiga gidan, wato Egya Ndede, abokinsa tun suna yawo ba wando. Kullum da yamma Ndede zai zo da ƙullin aceke, wato turaren garin rogo, da soyayyen kifi su ci a kwano ɗaya suna zagin juna. In ka cire Ndede, Mieza zai iya kwana bakwai bai ji an kira sunansa ba.

Jama'a kuwa sun riga sun gama shari'arsu. An tsinci guntun igiyar kwalekwale a bakin rami ɗaya, kowa kuma ya san ta Agbeko ce, masuncin nan da ya zo daga gabas shekara shida da suka wuce, da mata da 'ya'ya huɗu. Ga shi an ji shi yana faɗa da Yanki dillali kan cewa katangar Bature za ta toshe masa inda yake jan kwalekwalensa.

Mai magana da yawun Nana ya ɗaga sanda. "Nana ya ce wanda ya tumɓuke abin da aka zuba wa giya, da kakanni yake faɗa. Gobe da hantsi za a taru. In Egya Mieza bai kawo wani ba, baƙo ya kwashe iyalinsa ya bar mana gari."

A hanyar komawa Ndede ya cim masa.

"Kai, tsohon banza, da gwiwar nan za ka yi yawon bin sawu? Ka ce musu idonka ya mutu mana."

"Idon uban wa? Kai ne jiya ka gaida kututture."

"Da gaske nake, Mieza. Baƙo raɓa ne. In an kore shi nan, gobe yana wata gaɓar yana jefa taru. Me ya dame ka?"

"Na san yadda ake ji in gari ya nuna ka da baki," in ji Mieza. Ndede ya juya ya bi ta cikin kwakwa.

*

Agbeko yana zaune a gindin kwalekwalensa, matarsa kuma har ta fara ɗaure tukwane a zane.

"Igiyarka ce?"

"Tawa ce, Egya. Ƙarya ba ta da amfani."

"Me ta je yi can?"

"Ɗauri na yi da turken. Na ga abu a kafe da ƙarfi, ga ruwa na cika, na ce bari in ɗaure. Da asuba na zo na tarar kwalekwale ya karkace, igiya a yanke, turke ya yi ƙafa."

"To ka yi ihu mana."

Agbeko ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni? In yi ihu in ce turke ya ɓata? Egya, ko kaza ta ɓata a garin nan, tukunyata ake fara leƙawa."

Mieza ya juya guntun igiyar a hannu. Yanka ɗaya aka yi mata da wuƙa mai kaifi. Masuncin da ke ƙulla tsohuwar igiya wuri biyar don kada ya sayi sabuwa ba zai yanke tasa ba, kwancewa zai yi ko da haƙori. Amma wannan ba hujjar da za a kai gaban Nana ba ce, ya kuma sani.

Daga nan ya biya wurin Mame Afiba mai ƙyafe kifi, wadda murhunta ke kallon hanyar filin, bakinta kuma ba ya hutu.

"Ni ban ga komai ba," ta ce tun kafin ya tambaya. "Ina ruwana? Sai dai babur ɗin Yanki da na ji ya wuce can bayan an tashi daga coci jiya da yamma. Shi ma ban ce komai ba. Mutumin da aka ce fili ɗaya ya nuna wa Turawa biyu, ni me zan ce?"

"Ba ki ce komai ba, Mame."

"Yauwa. Matsa mini, kana tare mini iska."

Sawun babur ɗin yana nan kuwa, tayar baya da faci. Mieza ya bi shi da murna a ransa, don in Yanki ne, ba wanda zai yi kuka. Sawun ya nufi filin tiryan-tiryan, sai da ya rage taku hamsin ya karkata hagu, ya tsaya a bayan ɗakin wata bazawara mai sayar da bammi. Ƙafar babur ta nutse sosai a ƙasa, alamar ya daɗe a jingine.

Ya samu Yanki a shagonsa, da tabarau a goshi da waya biyu a hannu.

"Ina ka kwana jiya, ɗana?"

"A gida mana, Egya. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Babur ɗinka dai bammi ya sha har asuba."

Yanki ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Egya, don Allah ka rufa mini asiri. Matata in ta ji, turke na huɗu a kaina za ta kafa shi. Kuma ka yi tunani mana, ni da nake neman Baturen nan ya kawo mini 'yan'uwansa su ma su saya, ni zan ɓata cinikin?"

Maƙaryaci ne, amma yau gaskiya ya faɗa. Mieza ya fito rana ta karkata, ba shi da kowa a hannu.

*

Ya koma filin ya zauna a kan wani kututture, yana kallon ramukan. Can sai ga Marika, matar Henk, ta taho da hular ciyawa, fuska ja wur saboda rana. Shekara uku ke nan suna zuwa duk hutun Agusta da 'ya'yansu mata biyu, su tsince robobi a gaɓa, su ƙirga sheƙa, su yi wa makaranta fenti. Mutanen kirki ne, ba a ɗauke musu wannan ba. Gaɓar ce ta shiga ransu har suka ce sai sun gina gida a kanta.

"Egya Mieza, yau duk baƙin ciki ne, amma zo ka ga abin farin ciki. Da sassafe muka same shi. Mun killace kafin kowa ya taka."

Ranar Talata ba ya fita zagayen safe, shi ya sa bai gani ba. Ta kai shi bayan wani dutse, taku talatin daga kusurwar filin. An kewaye wuri da sanduna da jan ƙyalle, yaran har sun rubuta allo sun zana kunkuru yana murmushi. Daga bakin ruwa sawun kunkuru ya hau, faɗinsa ya fi tsawon mutum, ya yi ƙaton gurbi a gindin ciyawa inda aka watsa yashi ta ko'ina, sannan ya sake gangarawa teku.

"Babbar ce, ko? Mai baƙin bayan nan! Shekara uku muna fatan ganin ko sawunta."

Mieza ya tsuguna. Aikin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ga shatar hannuwa biyu-biyu a jere, ga layin wutsiya a tsakiya. Sai dai babbar uwar kunkuru ba ta hawa gaɓar nan sai an shiga Nuwamba. A Agusta ƙananan masu ruwan toka ne kawai ke fara leƙowa. Shekara sittin yana duba yashin nan, bai taɓa ganin ta saɓa ba.

Ya sa yatsa a cikin shata ɗaya. Gefenta a miƙe yake sumul, irin na bakin filafili.

Ya san wannan aikin. Suna samari, in suka samu sheƙa mai ƙwai da yawa, sukan ɗauki filafilin kwalekwale su zana sawun ƙarya can nesa, suna tafiya da baya suna shafe nasu, don sauran mahaƙa su wuni suna tonon banza. Su biyu suka ƙirƙiro dabarar, ba su kuma taɓa koya wa kowa ba.

Ya ɗaga kai ya dubi filin. A cikin iyakar, dab da inda turken tsakiya yake, wata doguwar kwakwa ce tsaye ita kaɗai. Ya san ta. Yana wurin ranar da aka shuka ta. Kaico, ta yaya ya wuni a gindinta bai tuna ba?

"Lafiya, Egya?"

"Gwiwa ce, uwargida," ya ce.

*

Ndede ya zo da yamma kamar kullum. Ya kwance ƙullin, ya zuba barkono a gefe, ya tura wa Mieza kan kifin. Suka ci loma uku.

"Babbar ta yi sammako bana," in ji Mieza.

Hannun Ndede ya tsaya a cikin kwano. Sannan ya ci gaba da ci.

"Duniya ce ta canza. Ruwan sama ma ba ya zuwa kan lokaci."

"Ndede."

"To, na ji! Na san kai kaɗai za ka gane. Duk garin nan wa ya san watan kunkuru in ba kai ba? Su Turawan littafi suke dubawa, in sun ga abin da suke so sai su manta littafin."

"Shi ne ka yi duk da haka."

"Shi ya sa ma na yi. Na ce Mieza ne, zai gani ya kau da kai."

Ndede ya goge hannu a gwiwa. "Cibiyar ɗana Aka tana binne a gindin kwakwar nan. Kai ka riƙe mini fartanya. Teku ta cinye shi shekara goma sha ɗaya, ko yatsa ba ta dawo mini da shi ba. Ba ni da kabari, Mieza, itacen nan nake da shi. Filin na dangin uwarsa ne, ita kuma ta mutu, wa zai tambaye ni? Na je wurin ƙaninta, ya ce ai itace ne. Sati mai zuwa za su ja katanga. Na ce in turaku suka ɓata bayan an zuba giya, Turawa za su ji tsoro su fasa."

"Agbeko fa?"

"Ban san ya ɗaura igiyarsa ba sai da na je. Ban nufe shi ba."

"'Ya'yansa huɗu. Matar har ta ɗaure tukwane."

"Za su samu wani wuri."

"Tashi gobe ka faɗa da bakinka. Kai ɗan gari ne, rago za su ci ka, shi ke nan."

"In tsaya gaban yaran da na yi wa wanka in ce ni ne ɓarawon turke? Allah ya kiyaye." Ya miƙe ya yafa zanensa. "Shekara sittin ban taɓa roƙonka komai ba. Ka ce ba ka samu sawu ba. In ka kira sunana gobe, ka san ba ni ba kai."

Ya tafi ya bar rabin kifinsa. Mieza ya zauna da kwano a gaba har ƙudaje suka gaji suka watse. Tsoro ya ji, tsoron gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne matarsa, don a ranar akwai wanda ya rako shi gida.

*

Da hantsi aka taru a filin. Nana a kujerarsa ƙarƙashin laima, Henk da Marika a benci, Yanki na share gumi, Agbeko a tsaye shi kaɗai da fili kewaye da shi kamar mai cutar da ake gudu. Ndede yana can baya, ya jingina da kwalekwale.

Mieza ya ce a biyo shi. Da ya tsallake jan ƙyallen ya fara tono da hannu, Marika ta yi ƙara.

"Egya, ƙwan! Kai ka koya mana ba a taɓawa!"

"Yi haƙuri, uwargida. Wannan ƙwan ba ya fashewa."

Kamu biyu ya tona, farcensa ya karci siminti. Samari suka ja turakun ɗaya bayan ɗaya, wuri ya kaure da salati da ihu. Mieza ya koma gefe yana addu'ar a tsaya nan. An samu kaya, a mayar, kowa ya kama gabansa.

Ina! Yanki ne ya buɗe baki. "To ai ga shi! Kusa da kwalekwalen baƙo ya binne su!"

Jama'a suka ɗauka. Wani har ya cafki wuyan rigar Agbeko.

"Ku sake shi," in ji Mieza. "Ba zai iya zana wannan ba ko a ba shi shekara. Da filafili aka yi, tsohuwar dabarar mahaƙa ƙwai ce. Mutum biyu ne kawai suka iya ta a gaɓar nan. Ni ne ɗaya."

Ya ga yadda idanu suka yi haske, da yawa za su so a ce shi ne. Shi ma da zai iya ɗauka, da ya ɗauka. Amma mai magana da yawun Nana ya ja shi zuwa bakin ramin da aka zuba jinin rago, ya sa ya cire takalmi ya taka.

"Nana na tambaya, kakanni na ji. Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"Wane ne ɗayan?"

Mieza ya juya ya dubi abokinsa. Ya jira. Ya ba shi lokacin da za a iya jan kwalekwale daga ruwa zuwa tudu. Ndede teku kawai yake kallo.

"Egya Ndede ne," ya ce.

Ndede ya tako a hankali, jama'a na darewa. Bai dubi Mieza ba. Ya faɗi maganar cibiya da kwakwa a gajarce, ba kuka ba roƙo. Da aka fassara wa Henk, mutumin ya tashi fuskarsa ta yi fari, ya ce bai sani ba, wallahi ba wanda ya gaya masa. Ya ce ba zai sare itacen ba, zai ma bar ƙaramar ƙofa a katanga, tsohon ya riƙa shiga duk lokacin da ya so.

"Ka gode masa," in ji Ndede ga mai fassara. "Ka ce masa ba a zuwa gaida ɗa da izinin maigadi."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Rago ɗaya da giya, a sake kiran kakanni a ba su haƙuri. Laifin da zai kori baƙo da 'ya'ya huɗu, ga ɗan gari rago ne. Ba wanda ya ba Agbeko haƙuri. Da ake watsewa Mame Afiba ta wuce ta gaban Mieza ta yi tsaki.

"Tir. Ka tona wa ɗan'uwanka asiri saboda bare."

Ita da jiya ba ta ce komai ba.

*

Agbeko ya kawo masa kifi washegari, ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi godiya a tsaye yana waige-waige kada a gan shi, ya tafi. Mieza bai ga laifinsa ba. Aka mayar da turaku, aka fara sauke bulo. Ranar Juma'a ya ji mata a bakin rijiya suna cewa Ndede ya sayar da tarunsa, zai koma Takoradi wurin 'yarsa, motar asubar Asabar zai bi.

Sau biyu Mieza ya kama hanyar gidansa, sau biyu ya dawo daga rabi.

Ranar Asabar ya farka gari ya waye, mota ta daɗe da tashi. An ɗan yi yayyafi kafin asuba, yashin ƙofar gidansa ya kwanta lumui. Yana buɗe ƙyaure ya ga sawun Ndede. Ƙafa ce ba takalmi, babban yatsan hagu a karkace tun ranar da kwalekwale ya danne shi suna yara. Sawun ya taho daga gari kai tsaye, taku gajeru, na mai ɗauke da kaya. Ya tsaya taku uku daga ƙofar.

Mieza ya tsuguna ya karanta. Duga-dugan sun nutse sosai, mutumin ya daɗe a tsaye. Ga shatar jaka inda ya ajiye ta. Ga inda ƙafar dama ta matsa gaba rabin taku, ta dawo. Ta sake matsawa, ta sake dawowa. Daga nan sawun ya juya ya nufi tasha, bai ƙara tsayawa ko'ina ba.

Da ya yi tari kawai, da Mieza ya ji.

Kaji suka fito suna tono, suna matsowa. Ya kore su, ya shiga ɗaki ya ɗauko babban bahon wanki, ya kifa shi a hankali a kan sawun, ya ɗora dutse. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da shi.